Yadda Za Ku Rubuta Labarin Yarinyar da Aka Gyara wa Jini, Ba Sai Kun Bar Gombe Ba

Ni malamar bayoloji ce a nan Gombe, kuma tun da yara suka gano ina bin littattafan Hausa na intanet, wayata ba ta rabo da rubutun da ake turo min in duba. Abin da ya fi shigowa a 'yan kwanakin nan shi ne ƙagaggun labaran kimiyya: an ɗauki jariri an shiga da shi ɗakin gwaji, an yi masa allura, ya fito da ƙarfin ƙato goma ko idonsa na ganin bayan bango. Ɗakin gwajin kullum a Amurka yake, likitan kullum mugu ne mai ƙyalƙyala dariya shi kaɗai, makarantar da ake kai yaron kuma irin ta finafinai ce, mai akwatunan ƙarfe jere a baranda. Mai rubutun ba ta taɓa taka wurin ba, mai karatun ma haka, kimiyyar kuma ba ta da tushe balle makama.

Alhali kayan wannan labarin a gidanmu suke. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar masu amosanin jini, wato sikila, kuma maganin farko a duniya da hukumomi suka amince da shi cikin masu amfani da fasahar gyara ƙwayoyin gado mai suna CRISPR, na sikila ne. Ga mu da makarantun kwana inda yarinya ba ta iya ɓoye ko tabon ƙafarta. Me kuma ake nema a Amurka?

Ku canza abu ɗaya tak

Kafin ku ɗora biro, ku yanke shawarar abin da aka taɓa a jikin jarumar, kuma ya zama guda ɗaya. A cikin kusan kowace ƙwayar jikinmu akwai kuromosom 46, rabi daga uwa rabi daga uba. A kansu DNA yake, an rubuta shi da haruffa huɗu, A da T da G da C, kimanin biliyan 3 a kowane rabi, ƙwayoyin gado kuma wajen 20,000. Sikila dai harafi ɗaya ce a kan kuromosom na 11: inda ya kamata a karanta GAG sai aka sami GTG. Wannan harafin shi ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi, shi ke sa su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon wajen 120, shi ne ciwon ƙashin da ke tayar da gida gaba ɗaya da tsakar dare. Irin wannan ake iya gyarawa, kuma mai karatu zai yarda da ku.

Basira kuwa, ko tsawo, ko kyan fuska, ba haka suke ba. Tsawon mutum kaɗai dubban wurare a DNA ke da hannu a cikinsa, ga abinci, ga lafiyar ƙuruciya. Kamar daɗin miyar kuka ne, ba za a ce daddawa ce kaɗai ta kawo shi ba. Saboda haka in kun rubuta likitan da ya yi allura ɗaya yarinya ta haddace littafin kemistiri a dare guda, kun koma labarin aljanu, kun dai sa wa aljanin farar riga. In kuna son maganar basira ta shigo, ga hanya mafi daɗi: wani kamfani ya karɓi kuɗin uba da alkawarin 'yarsa za ta fi kowa, aka yi aikin, yarinya ta taso tana zuwa ta goma sha bakwai a aji. Ku zauna ku yi tunanin ranar karɓar sakamako a gidan nan.

Gyaran iri biyu ne, kuma kowanne da labarin da yake haifarwa

A 2012 ne Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a yi amfani da CRISPR a yanke DNA a daidai wurin da ake so, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2020. Daga nan hanya ta rabu biyu.

Ta farko ita ce a gyara mutum bayan an haife shi. Maganin Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka kuma a Disambar shekarar, haka yake aiki. Duk uwar da ta raini mai sikila za ta gaya muku yaron lafiya lau yake a watannin farko, sai wajen wata shida hannu da ƙafa suka fara kumbura. Dalili shi ne jariri yana zuwa da wani nau'in himogulobin (sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini) na zaman ciki wanda ba ya sa su lanƙwashe, sannan wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ta riƙa rage shi bayan haihuwa. Likitoci suna tace ƙwayoyin da ke haifar da jini, waɗanda mazauninsu ɓargo ne, a kai su ɗakin gwaji a kashe wa BCL11A ƙarfi a cikinsu, a yi wa mara lafiya kemo, maganin nan mai ƙarfi da ake yi wa masu ciwon daji, don a share tsohon ɓargon, sannan a mayar da gyararrun. Jiki sai ya koma yin jinin jarirantaka. Makonni ake yi a asibiti, gashi yana zubewa, baki yana yin gyambo, kuma kemon na iya hana haihuwa nan gaba. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2, wato biliyoyin naira.

Ku sake karanta sakin layin nan a matsayin marubuta. Harafin sikilar nan yana nan, ba a taɓa shi ba. Yarinya ta daina ciwo, amma a takardar gado SS ce, kuma S za ta ba duk ɗan da ta haifa. Ranar da aka zo neman aurenta aka ce a je gwaji, me za ta ce wa dangin miji? In ta auri mai AS, kowane ciki rabi da rabi ne. (Tunda an zo nan: AS da AS ɗaya cikin huɗu ne a kowane ciki, ba wai ɗa na huɗu ne zai zo da ita ba. Na gaji da gyara wannan a takardun jarrabawa da cikin labarai.)

Hanya ta biyu ita ce a taɓa ɗan tayi tun bai wuce 'yan ƙwayoyi ba, gyaran ya shiga ko'ina a jikinsa har ya bi zuriya. Wani masani ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar a Nuwamba 2018 cewa an haifi tagwaye mata da ya taɓa musu ƙwayar gadon CCR5 wai don kare su daga ƙanjamau. Masana a duniya suka yi masa caa, kotu ta ɗaure shi shekara 3 a ƙarshen 2019. Yaran nan yanzu sun kai shekarun firamare, kuma ba wanda ya nemi izininsu. In wannan hanyar kuka bi, rikicin jarumarku da iyayenta ne: wa ya ce ku yi min? Akwai kuma ƙarin abin wasa da shi. Mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ma S ɗin ya yawaita a ƙasashenmu. To garin da masu kuɗi suka goge S daga 'ya'yansu kaf, sauro kuma yana nan bai yi hijira ba, ina aka dosa?

Ni dai na fi son hanyar farko ga mai fara rubutu, saboda jarumar tana tuna yadda take a da.

Makarantar ita ce labarin

Ɗakin gwaji bai cancanci fiye da shafi biyu ba. Sauran duka a hostal ne, da dainin, da layin famfo, da filin asambili. Bari in ba ku misali da wadda na ƙirƙira, Nafisa 'yar Bolari, 'yar aji huɗu a makarantar kwana ta 'yan mata, shekarar 2045. Tun tana aji ɗaya kowa ya san ta da sikbe, ɗakin jinya na makaranta. Ba ta shara, ba ta noman filin makaranta, ba a sa ta kamun kunne, firifet in ta ɗaga bulala sai a ce ke, kar ki ja mana. Ta tafi zango biyu, ta dawo an gyara mata ɓargo. Ga safiyarta ta farko:

Ƙarfe biyar na asuba, iskar hunturu tana kaɗa ƙyauren hostal. Nafisa ta ɗauki bokiti ta shiga layin famfo. Shekara uku a makarantar nan ba ta taɓa tsayawa a layin ba, metiron ce ke sa a ɗumama mata ruwa a kicin.

"Ke 'yar ruwan zafi, ɓatan hanya kika yi?" in ji Siniya Bilki.

"Wanka zan yi, Siniya."

"Da wannan ruwan? Ki faɗi a ce ni na kashe ki? Fice min daga layi."

"Ai na warke."

Siniya Bilki ta haska ta da tocila tun daga silifa har ɗankwali, ta tsaya a kan ɗankwalin, inda gashi bai gama tsirowa ba. "To tunda kin warke, in kin gama ki ciko nawa. Biyu ne."

Layi ya kwashe da dariya. Nafisa ta ji daɗin dariyar, sannan ta ji kunyar jin daɗin, don daga inda take tsaye tana hango tagar sikbe da fitila a kunne, ta kuma san wadda ke ciki.

Ku lura ban ambaci DNA ko sau ɗaya ba, amma kimiyyar tana cikin kowane layi: sanyi yana tayar da ciwon sikila, shi ya sa ruwan zafi, kemo ce ta kwashe gashin. Ku kuma lura Siniya Bilki ba muguwa ba ce. Tsoro ne ya fara magana a bakinta, sannan son banza irin na kowace siniya. Aiken da ta yi wa Nafisa zalunci ne, amma shi ne karo na farko da aka ɗauke ta daidai da kowa. Irin wannan abu mai fuska biyu shi za ku riƙa nema.

Wadda ke sikbe kuwa ita ce ƙashin bayan littafin. Na sa mata suna Rifkatu, 'yar Kaltungo, SS ita ma. Su biyun sun kwana gado da gado suna jiran ƙarin ruwa ya ƙare, sun san allurar da ta fi zafi, suna da barkwancin da ba mai gane shi sai su. Sunan Nafisa ya fito a jerin waɗanda wata gidauniya ta biya wa, na Rifkatu bai fito ba, ko kuma Bappan Nafisa ne ya san wani. Yanzu masu lafiya suna kallon Nafisa a matsayin abin gwaji, ƙawarta kuma tana mata murna da baki, ido na faɗin wani abu daban. Ba ta nan ba ta can. Kar ku mai da Rifkatu abar tausayi mai murmushi kullum. Ku ba ta kaifin baki, ku ba ta lissafin da ta fi kowa, ku bar ta ta yi hassada ta kuma ji haushin kanta.

Sai ku tambayi kanku: wa ya san sirrin, yaushe ya sani, ta bakin wa? A makarantar kwana labari ba ya tafiya a miƙe. Wata juniya ta ji metiron tana waya, kafin firef na dare an ce jinin Bature aka zuba mata, kafin Juma'a an ce ba za ta haihu ba, kafin ranar bizitin wata uwa ta ce kar 'yarta ta ƙara cin gabza kwano ɗaya da ita. Jita-jitar nan ce hanyarku ta koyar da kimiyya ba tare da lacca ba. Wani ya faɗi kuskure da ƙarfin gwiwa, wani ya gyara masa rabi, Nafisa ta san gaskiya amma faɗinta na nufin tona kanta. Mai karatu zai fahimci bambancin ƙarin jini da gyaran ɓargo bai san an koya masa ba. Abin da ba na so shi ne babin da malamar bayoloji za ta tsaya gaban allo ta yi shafi huɗu tana bayani. Mu kanmu a aji ba a saurarenmu haka.

In kuna son jin yadda mutanenmu ke magana a kan abin da aka taɓa wa ƙwayar gado, ba sai kun ƙirƙira ba. A 2019 aka saki waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar, an sa masa ƙwayar gado daga wata bakteriyar ƙasa don ya kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanson wake. Masarar TELA ta biyo baya a 2024, kuma tun 2015 akwai hukumar NBMA da ke ba da izinin irin waɗannan. Ku je Tudun Hatsi ku zauna kusa da masu awo, ku jefa maganar irin da aka gyara, ku yi shiru. Za ku ji mai yabon ragin feshi, za ku ji mai rantsuwa makircin Turawa ne, za ku ji wanda damuwarsa kawai ko ƙosansa zai tashi. Ku kwashe kalamansu ku sa a bakin iyayen yara a taron iyaye da malamai.

Gomben 2045

Kar ku yi nisa da yawa. Shekara ashirin gaba ta isa. Ku canza abu uku ko huɗu ku bar sauran: Keke Napep ta koma ta lantarki, rufin ajujuwa duk faranten sola, katin shaidar ɗaliba yana ɗauke da bayanan jininta kuma firifet ɗin lafiya na iya karantawa. Amma ruwan Dadin Kowa har yanzu yana ɗaukewa, kwari yana ci gaba da cin bakin unguwa da damina, wake da shinkafar ranar Laraba har yanzu da tsakuwa. Abin da bai canza ba shi ke sa a yarda da wanda ya canza. Makarantar kuwa ku ƙirƙira mata suna, haka asibitin in wani abu zai ɓaci a cikinsa, kar ku jawo wa kanku fitina da wata shugabar makaranta mai rai.

Harshen yara ma ku saurare shi. 'Yar Gombe tana gaishe da kakarta da Fulatanci, ta juya ta yi wa ƙawarta tsiya da Hausa, 'yar Billiri ta yi waya gida da Tangale. Ɗan kaɗan ya isa, gaisuwa ɗaya, zagi ɗaya.

Manya da addini

Nan ne yawancin rubutun da nake gani ke faɗuwa. Ko dai a yi kamar babu addini a garin, ko a kawo malami jahili mai kumfar baki don jaruma ta kunyata shi. Duka biyun ƙarya ne. A gidan su Nafisa dole wani ya kawo ayar Suratun Nisa'i ta 119 mai magana a kan canza halittar Allah, dole wani ya amsa da hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Malaman fiƙihu na zamani da dama sun bambanta gyara don magani da gyara don ƙawa ko wanda zai bi zuriya, saboda haka malamin Islamiyyarku na iya zama wanda ya fi kowa natsuwa a labarin. Ku bar Goggo ta ƙi amincewa, ba don duhun kai ba, sai don ta binne 'ya'ya biyu kuma ta ji an ce kemo na hana haihuwa. Ta ce wa ɗan'uwanta, "Yaya, ka raya min ita ka kuma kashe mata gida?" Ba wanda zai iya ba ta amsa a take, ku ma kar ku yi gaggawar ba ta. Haka gidan su Rifkatu, akwai fasto, akwai addu'ar dare, akwai uwar da ta sayar da aladu da akuyoyi ta zuba a asibiti.

Soyayya in za ta shigo, ta shigo a makare kuma a takaice. 'Yan aji huɗu ne. Wasiƙa ɗaya daga wani ɗan makarantar maza da suka haɗu a gasar kacici-kacici ta wadatar, musamman in a layi na uku ya tambayi jininta cikin wasa.

Ƙarshen labari da sakinsa

Ƙarshe uku na gaji da su: jaruma ta mutu kowa ya yi nadama, ko ta tashi a asambili ta yi jawabi a tafa mata, ko wani attajiri ya ɓullo ya biya wa kowa. Matashi ya san duniya ba ta tafiya haka. Ku rufe da shawarar da yarinya 'yar shekara goma sha biyar za ta iya yankewa da kanta kuma ta biya farashinta. An ba Nafisa gurbi a tawagar gudu ta makaranta, ranar gasar kuma ta zo daidai da ranar da za a kai Rifkatu asibiti. Ko 'yan jarida sun zo ɗaukar hoton yarinyar da aka gyara, shugabar makaranta na so, ita kuma ta gindaya sharaɗi. Ko wanne ta zaɓa, wani abu ya suɓuce mata.

Kafin ku saki, mutum uku za su karanta. Nas ɗin da ke aiki a sashen masu sikila, ta duba muku allurai da sunayen magunguna da abin da ake yi wa mai ciwo in an kawo shi cikin dare. 'Yar aji biyar, ku ce ta sa alama duk inda ta fara duba wayarta, ku yanke wurin ba jayayya. Sai mai sikila da kanta, in ta yarda, kuma ku roƙe ta da ladabi don ba aikinta ba ne. Ku tambaye ta musamman a kan yadda kuka kwatanta ciwon, domin masu lafiya kusan kullum suna rubuta ihu da birgima, su kuwa da yawansu za su ce muku sun koyi yin shiru tun suna ƙanana saboda gudun a ce raki ne. Kar ku ɗauki labarin wata ɗaliba ta gaske ku canza suna kawai, a Gombe za a gane ta kafin babi na biyu.

In a WhatsApp ko Wattpad za ku riƙa sakewa, babi ya tsaya a abin da za a karanta cikin minti goma, ya ƙare a inda wani ya ji abin da bai kamata ya ji ba. Ku rubuta babi biyar ku ajiye kafin ku saki na farko, don masu karatu za su fara matsa muku a aurar da Nafisa tun a mako na biyu, kuma wanda ba shi da ajiya shi ke biye musu.